Maganin Hazirah a Watan Azumi

Suriani yarinya ce mai kaifin basira, kowa a garin Katanning ya shaida haka. Aibinta ɗaya ne, bakinta ya fi karatunta sauri. Shekarunta goma sha ɗaya, amma in ta fara zancen addini sai ka rantse ta sauke littattafai. Nan kuwa duk iliminta gajerun bidiyo ne da take kallo a wayar Mak, mahaifiyarta.

Azumin bana ya faɗo cikin sanyi. Ita da ƙawarta Hazirah suka yi alkawarin kai talatin cif. Hazirah kuwa tana da ciwon fuka. Kullum akwai ɗan maganinta na shaƙa a aljihun rigar makaranta.

Ran Talata, lokacin hutu, Hazirah ta ji ƙirjinta ya ɗan riƙe. Ta ciro maganin. Caraf Suriani ta kama hannunta.

"Ke, me za ki yi? Haramun ne. Kina shaƙa azuminki ya karye."

"In ji wa?"

"In ji wani babban malami a waya. Ya ce duk abin da ya wuce maƙogwaro, shi ke nan."

Malamin nan fa ba zancen fuka yake ba. Bidiyon ma Suriani ba ta kai ƙarshensa ba. Amma ta yi maganar babu ko shakka a fuskarta, har Hazirah ta yarda. Ta tura maganin can ƙasan jaka, ta danne da littattafai.

Bayan hutu aka fita gudu a filin wasa. A zagaye na biyu Hazirah ta durƙushe a kan ciyawa. Numfashinta na fita da ƙara kamar usur. Malamar wasanni ta laluba aljihun Hazirah, babu magani. Suriani kaɗai ta san inda yake. Ta sheƙa aji da gudu, ta zazzage jakar a ƙasa, ta dawo tana kuka. Tunda take ba ta taɓa jin tsoro irin wannan ba.

Allah ya taimaka, Hazirah ta shaƙi maganin, numfashi ya fara dawowa. Aka kira babanta daga mayankar da yake aiki, ya wuce da ita asibiti.

Da aka sha ruwa Suriani ta kasa cin ko loma. Mak ta tambaye ta, ta kwashe duka ta faɗa. Mak ba ta yi faɗa ba. Ta ce ta shirya mayafinta, gobe da la'asar za su gidan Tok Imam, limamin masallacinsu.

Washegari suka je. Tok Imam dattijo ne mai sanyin magana. Ya saurare ta har ta gama. Sannan ya shiga yi mata tambayoyi don ya gwada ta. Sau nawa ciwon Hazirah ke tashi? Me likitanta ya ce? Me ke cikin maganin? Azumin ma ya wajaba a kanta tukuna?

"Ban sani ba, Tok," in ji Suriani, kanta a ƙasa.

"To kin gani, jikata. Shekara arba'in ina karatu, amma sai na san duk waɗannan kafin in buɗe baki."

Ya gaya mata cewa fatawa amsa ce da masani ke ba wanda ya tambaya, bayan ya duba hujja ya duba halin mutumin. Kamar ɗinki ne, sai an gwada mai rigar. Ya ce manyan malamai ma sun saɓa a kan maganin shaƙa. Wasu na ganin yana karya azumi, wasu na ganin ba ya karyawa. Amma babu wanda ya ce mara lafiya ya bar numfashinsa ya tsaya.

"Duk wanda ya ce abu haramun ne, da sunan Allah yake magana," in ji shi. "Wannan kaya ne mai nauyi."

Daga nan suka wuce gidan su Hazirah. Suriani na ta fargaba ko ƙawarta za ta ƙi kallon ta. Sai ta tarar da ita a kan kujera, lulluɓe da bargo, tana murmushi.

"Ga Shehiya ta iso. Yau me aka haramta mana?"

Kunya ta kama Suriani. Ta ce, "Ki yafe mini. Na faɗi abin da ban sani ba, na kusa kashe ki."

Hazirah ta matsa mata wuri cikin bargon. Ta ce babanta ya riga ya kai wa Tok Imam takardar likita. Tok Imam ya ce ta shaƙi maganinta duk lokacin da ta buƙata, ta ci gaba da azuminta.

Ana cikin haka ƙanen Hazirah ya leƙo, ya tambaya ko wanke baki da man goge haƙori na karya azumi. Suriani ta buɗe baki, sai ta rufe.

"Ban sani ba," ta ce. "Mu tambayi Tok."

Mak ta dafa kan Suriani. Daga ranar Suriani ta gane cewa hukuncin addini na masu ilimi ne, kuma faɗin "ban sani ba" ba abin kunya ba ne.