Muryar Mama a Wayar Kowa

Awuor tana tsakar gida tana kankare kifi sai ta jiyo mahaifiyarta a ɗaki tana maimaita abu ɗaya.

"A... ayi... ayie."

"Haba Mama, ki huta mana! Ko kai kika gyaɗa ranar ai kowa ya gane."

"Ni ba... ƙadangare... ba ce," in ji Mama daga ciki.

Awuor ta yi dariya har ta kusa yanke yatsa. Tun da shanyewar ɓarin jiki ta kama Mama bakinta ya karkace, magana ta zame mata aiki. Ochola ne ya kawo dabarar. Shi ne mai babur ɗin da ke kai wa Awuor kifi otal-otal na garin Kisumu: ita ta ɗauki hoton kifin da safe ta tura wa masu saye, shi ya ɗora a babur ya kai. Daga kai kifi aka koma kai zuciya. Shi ya koya wa Mama yadda za ta faɗi kalma a waya, ta saurari kanta, ta sake gwadawa. Kalma ɗaya Mama ta ɗora wa rai, ayie, wato "na yarda" a yarensu. Ita uwa take faɗa ranar da dangin saurayi suka zo neman 'yarta, in kuwa ba ta faɗa ba, ko shanu nawa aka koro babu aure.

Ranar ta zo. An tuƙa ugali, tuwon masararsu, an soya kifi da kaji, gida ya cika. Dangin Ochola suka shigo a natse kamar yadda surukai suke yi, ban da yayarsa Adoyo, wadda ta shigo da baya-baya, wayarta a kan wata doguwar sanda.

"Hai masoyana! Yau muna gidan surukai, ku danna layk!"

Ita dai Adoyo ko atishawa ba ta yi sai mabiyanta sun gani. Ranar jana'izar kakarsu sai da ta nemi a sake ɗaga akwatin gawa, wai na farko haske bai yi kyau ba. Awuor ta ga ta leƙa tukwane, ta leƙa har bayan gida da wayar nan, ta haɗiye takaicinta saboda Ochola.

Da aka zo wurin faɗin kalmar, kowa ya zuba wa Mama ido. Mama ta buɗe baki, kalmar ta ƙi fita. Ta sake, yawu ya dalalo mata a haɓa. Can ta tattaro ƙarfinta duka.

"A... a... ayie!"

Guɗa ta tashi ta ko'ina. Awuor ta hango Ochola ya sunkuyar da kai yana goge ido, ta ji duk duniya ba wanda ya kai ta sa'a.

Ba a yi sati ba tana cikin matatu, motar haya, za ta kasuwa, sai ta ji muryar Mama. Ta waiga a firgice. Wasu 'yan mata ne a kujerar baya suke ƙyaƙyata dariya a kan waya. An yanko inda Mama take kokawa da kalmar, an maimaita shi, an sa masa kiɗa da kukan akuya, an matso da hoton har yawun nan yana sheƙi. A sama an rubuta: "Surukar ƙanena tana neman netwok." Ƙasa da shi kuma ga ƙatti da gemunsu, ga matan aure, kowa ya karkace baki yana rawa da muryar uwarta.

Ta buga jikin motar aka sauke ta, ta durƙusa a bakin kwata tana amai. Kai, ɗan Adam! Warin kwatar nan bai kai abin da ta gani ƙazanta ba.

Gidansu Ochola ta nufa kai tsaye. Ta tarar da Adoyo kwance a doguwar kujera tana latse-latse, uwarsu tana tsinke ganye.

"Yaya Adoyo, me Mama ta yi miki?"

"Oh, kin gani? Ya tashi fa sosai! Ke ba ki san kan zamani ba ne, kwantent ake ce masa."

"Uwata ce kwantent?"

"Haba 'yata," uwar ta sa baki, "wasa ne. Yanzu ai an san ku, kifinki ma zai ƙara kasuwa."

Ana haka Ochola ya shigo. Da ya ga bidiyon idonsa ya kaɗa. "Yaya, ki goge shi yanzun nan!"

"Iye!" uwar ta miƙe, ganye ya watse. "A kan mace za ka ɗaga wa yayarka murya? Ita ta goye ka fa! Tun ba a shigo da ita ba har ta fara raba mini 'ya'ya?"

Ochola ya buɗe baki, ya rufe. Ya dubi ƙasa. Awuor ta jira, ta jira, bai ɗago ba.

"Shirunka ya ishe ni amsa," ta ce, ta fita hawaye yana wanke mata fuska.

Ta so ta ɓoye wa Mama, amma ina! Wata maƙwabciya ta riga ta, ta zo wai jaje, ta kunna mata tun daga farko har ƙarshe. Daga ranar Mama ta tura wayarta ƙarƙashin katifa, ta kulle bakinta. Ko ruwa take so sai dai ta nuna da hannu. Wannan ne ya fi ci wa Awuor rai, duk wahalar da tsohuwa ta sha ta tafi a banza don wata ta samu layk.

"Mama, na fasa auren," ta ce mata wata safiya. "Allah wadaran gidan da ba a san darajar babba ba."

Mama ta kamo hannunta, ta girgiza kai, ta dafa mata ƙirji a hankali, alamar ta yi haƙuri. Awuor ta haƙura ba don ranta ya so ba. Ba ta ce ta fasa ba, ba ta kuma ce tana yi ba. Kullum Ochola zai zo ɗaukar kifi, ta miƙa masa ba ko sannu. Ya rame, wuya ya fito. A bakin 'yan babur ta ji ya bar gidan uwarsa, ya daina cin tuwonta, kuma duk wanda ya ɗora bidiyon sai ya bi shi da saƙo yana roƙo ya sauke. Ya sauke ɗaya, goma su ɗora. Magana zarar bunu ce, balle wadda ta shiga waya.

Ashe ita ma Adoyo tata tana tafe. Akwai wani malamin makaranta daga garin Siaya da ke nemanta, har an sa ranar zuwan danginsa. Bidiyon ya kai hannun uwarsa. Saƙon da suka aiko gajere ne: "Ku yi haƙuri. Mu ma muna da tsohuwa a gida."

Ran Lahadi bayan an taso daga coci sai ga su su uku, Ochola da uwarsa da Adoyo. Mama tana zaune a inuwa, Awuor tana wanke kifi a babban baho. Adoyo ta zube a gaban Mama tana rusa kuka.

"Mama, sori! Na tuba! Sharrin shaiɗan ne, ki yafe mini!"

Zuciyar Awuor har ta fara sanyi. Sai idonta ya sauka a kan jakar da Adoyo ta jingine da kujera. Zif ɗin a buɗe yake kaɗan, idon waya yana leƙe, ya saita fuskar Mama daidai.

"Tir!" Awuor ta tofar da yawu. "Har tuban ma na sayarwa ne?"

Ochola ya zaro wayar. Ga mutane nan suna kallo kai tsaye, saƙonni sai gudu suke, wasu na tura hoton hawaye, wasu na cewa a sa tsohuwar ta sake faɗa.

"Ba ni! Ochola ba ni, mutane na jira!" in ji Adoyo.

Ya taka zuwa bahon, ya saki wayar cikin ruwan kifi. Tsulum! Ta nutse tsakanin hanji da ɓawo.

"Ochola!" uwarsa ta dafe ƙirji.

"Rannan na yi miki shiru, uwata, shirun ya kusa cinye ni. Yau ba zan yi ba." Ya juya wajen mahaifiyar Awuor, ya durƙusa daga nesa kamar yadda suruki yake yi. "Ni na sa miki waya a hannu don ki yi magana, ni kuma na shigo da wadda ta rufe miki baki. Ba zan iya goge abin da ya fita ba, na gwada. In kin janye yardarki, ban ga laifinki ba."

Mama ta dube shi, ta dubi Adoyo da ta zura hannu har gwiwa cikin ƙarni tana lalube tana ihu. Kafaɗar Mama ta soma rawa. Dariya ce! Dariya da karkataccen bakinta, ba ta ko rufe shi ba. Ta share haɓarta da gefen zane, ta gyara zama.

"A... yie."

Awuor ta faɗa jikinta tana kuka, uwar Ochola ta rasa inda za ta sa fuskarta.

An yi aure, kuma ranar bikin kwando aka ajiye a bakin ƙofa, kowa ya jefa wayarsa kafin ya shiga. Waya dai ita ta koya wa Mama magana, ita ta kusa kashe mata baki; laifin yana hannun mai riƙe da ita. Wanda ya mayar da mutuncin tsoho abin dariya nasa yake zubarwa, mai haƙuri kuwa shi ke dafa dutse har ya sha romo.

Har yau in ka bincika za ka samu ayie na farko a wayoyin mutane. Na biyun ba wanda yake da shi sai waɗanda suke tsakar gidan.