Kwale-kwalen da Ya Juya Baya

A ƙarƙashin mangwaron bakin fadamar Argungu Taufiq ya fara ganin Mubina, wata Talata a shekarar 2014. Yana tsaye da waya a hannu, yana ƙoƙarin gamsar da manoma arba'in da bakwai cewa wannan ƙaramin abu zai maye gurbin littafin rajistarsu. Wani kamfani da ke Nasarawa a Birnin Kebbi ne ya turo shi, da manhajar da ya rubuta da hannunsa. Ta cikinta ake son manoman shinkafar rani su riƙa tura sunayensu ga ƙungiyar da ke raba iri da taki.

Mubina ce sakatariyar manoman, don ita ce mai takardar makaranta, kuma mahaifinta Maigandi ne shugabansu. Tana zaune a gefen tabarma da tsohon littafi a cinya. Ta bari ya gama zubarsa tukun.

"Malamin waya," in ji ta, "wannan koren maki da ke tsalle yana walƙiya, me yake nufi?"

"Yana nufin sunan ya isa ofis."

"Tabbas?"

Taufiq ya ɗan yi jim, sannan ya ce, "Tabbas." Idonta ne ya ɗauke masa hankali, shi ya sa bai ji nauyin kalmar ba a lokacin.

Maigandi ya karɓi wayar ya jujjuya ta. "Yaro, in mun taɓa wanga abu, sunanmu ya tahi Birnin Kebbi ke nan?"

"Ya tafi, Baba."

Ranar Mubina ta shigar da sunaye arba'in da bakwai ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda aka tura, sai wata 'yar da'ira ta juya sau uku, koren maki ya faso da ƙyalƙyali. Dattawa suna dariya, wani har ya ce a sake masa nasa ya gani. Maigandi ya sa aka rufe littafin, ya ce zamani ya zo.

Kafin Taufiq ya kai Birnin Kebbi a kan babur ɗinsa, saƙo ya riga shi shiga waya.

"Malamin waya, ka manta hularka a kan reshe. Ko ita ma ta waya za a turo?"

Ya amsa: "Ki ajiye min, Sakatariyata. Ina neman dalilin dawowa."

Ta ce: "Kilomita hamsin saboda hula? Mai ya fi ta tsada."

"Ba hular nake dawowa gani ba."

Haka aka fara. Kowace Asabar yana hanyar Argungu. Umma, mahaifiyar Mubina, har ta san ƙarar babur ɗinsa, takan ajiye masa soyayyen kifi a kwano. A zaure yakan buɗe kwamfutarsa ya nuna wa Mubina yadda ake sa abu ya motsa a fuskar waya. Ya nuna mata cewa madanni in ya lotsa kaɗan mutum yakan san ya taɓa shi, kuma shafi in ya zame a hankali ido yakan bi shi ba tare da ruɗewa ba. Yakan ce motsi magana ce, ita ce hanyar da waya ke yi wa wanda bai iya karatu ba bayani.

"To kai malamin harshe ne ashe," in ji ta.

"Ke ce kika hana ni magana tun ranar farko, Mubi."

Akwai abin da bai gaya mata ba. Wata biyu kafin ya fara zuwa Argungu, an gwada manhajar a gaban manyan baƙi a wani ɗakin taro, sabis ya yi rauni, da'irar ta yi ta juyawa har baƙi suka fara duba agogo. Abdulmuhaimin, ɗan mai kamfanin kuma ogan Taufiq, ya fito yana huci.

"Ka sa makin ya fito bayan daƙiƙa uku, ko saƙo ya tafi ko bai tafi ba. Sauran ya bi daga baya."

"Oga, in sabis ya yanke fa? Mutum zai ɗauka ya yi rajista."

"Wa zai duba? Manya kore suke son gani. Kowa haka yake yi."

Taufiq ya yi gardama sau ɗaya, sannan ya zauna ya rubuta. Layi huɗu ne kacal na umarni a cikin manhajar. Ya ce wa kansa zai gyara daga baya, kuma irin wannan "daga baya" ita ce ta kashe mana rijiyoyi da asibitoci da makarantu ba iyaka. An gwada abin a ofis mai sanyi inda sabis ke cike. Ba wanda ya ɗauki waya ya gangara fadama, inda sanda ɗaya ta sabis ma sai an ɗaga waya sama.

Ranar rabo, Maigandi ya ja mutanensa da amalanke da buhunan da ba kowa a ciki. Mai kiran suna ya karanta takardarsa tun daga farko har ƙarshe. Cikin arba'in da bakwai, shida kawai aka kira. An riga an rufe rajista, kuma babu littafin da za a nuna. Dattawan da suka yi dariya a ƙarƙashin mangwaro suka juya da buhunansu a naɗe.

Washegari Abdulmuhaimin ya iso gidan Maigandi a motarsa. Ya daɗe yana aiko wa Mubina gaisuwa tana kaucewa. Ya durƙusa gaban Maigandi ya ce kuskuren wani yaro ne a ofis, mai suna Taufiq, kuma shi zai san yadda za a yi a fitar wa Baba nasa kason ta bayan fage. Daga nan ya ɗan taɓo maganar cewa manyansa na son zuwa gaisuwa.

Maigandi ya dube shi ya ce, "Mu arba'in da bakwai munka shiga. In ba ka da na arba'in da bakwai, tashi ka tahi." Amma da ya shiga gida ya kira 'yarsa. "Wancan mai babur kuma, kada in sake ganin shi ƙofar gidana. Mutumin da ya koya ma waya ƙarya, mi zai koya ma ɗiyata?"

Mubina ba ta yi kuka a gabansa ba. Ta shiga ɗaki ta rubuta kalma uku.

"Ka sani tuntuni?"

Taufiq ya daɗe yana kallon saƙon. Yana iya cewa sabis ne, yana iya cewa oga ne, kuma duka biyun gaskiya ne. Ya rubuta:

"Na sani. An sa ni, amma hannuna ne ya rubuta. Ranar da kika ce tabbas, ya kamata in ce ban sani ba."

Amsarta ta zo bayan la'asar: "Ni na danna sau arba'in da bakwai. Da hannuna aka yaudari Baba. Kada ka kira ni Mubi."

Sati bakwai ba ta sake rubuto masa komai ba. Wasu manoman suka shuka tsohon irin da ya rage musu, wasu suka bar gonar ga ciyawa. Taufiq ya zo ranar taronsu ba tare da an gayyace shi ba, ya tsaya a ƙarƙashin mangwaron nan ya faɗi abin da ya yi ya ba su haƙuri, bai ambaci sunan kowa ba sai nasa. Wani tsoho ya ce masa, "To mun ji. Haƙurinka za mu shuka?" Taufiq ya hau babur ɗinsa ya koma.

A ofis ya cire layi huɗun nan. Ya cire koren makin gaba ɗaya. A madadinsa ya zana gulbi da gaɓa biyu, da ɗan kwale-kwale irin na masuntan Argungu. In an danna, kwale-kwalen yakan bar gaɓa, amma ba ya gaba sai gwargwadon yadda saƙon ya tafi da gaske. Ba ya taɓa ɗaya gaɓar sai kwamfutar ofis ta amsa cewa ta karɓa. In sabis ya yanke, sai ya juya a hankali ya dawo inda ya taso, da sunan mutum a cikinsa yana jira. Ya tura gyaran zuwa dukkan wayoyi bai nemi izinin kowa ba.

A gwaji na gaba, a gaban baƙi, sabis ya sake yankewa, kwale-kwalen ya juya baya kowa na kallo. Kafin azahar an sallami Taufiq daga aiki. Abin takaicin shi ne baƙin sun yaba da kwale-kwalen, sun ce ba su taɓa ganin manhaja mai faɗin gaskiya haka ba. Bayan wata guda aka ga hoton Abdulmuhaimin yana karɓar lambar yabo a kansa, yana murmushi da haƙora duka a waje.

Mubina ta ga kwale-kwalen a wayar ƙungiyar manomansu. Ta gwada shi a tsakar gida ya ƙetare. Ta shiga ɗakin girki inda sabis ba ya kaiwa, ya juyo. Ta yi haka sau da yawa, Umma na kallonta tana tsince shinkafa.

"In za ki rubuta masa, rubuta," in ji Umma. "Kin ishe ni da shiga da fita."

Ta rubuta: "Hularka tana nan. Ɓera ya fara ci."

Ya amsa: "Ba ni da aiki yanzu, ba ni da fuskar zuwa."

"Fuskar da ta tsaya gaban dattawa ta isa. Na ba Baba labarin kwale-kwalen, ya ce ka zo ranar Asabar, ka zo da wayarka."

Maigandi bai ba shi tabarma ba. Ya karɓi wayar ya ce ya biyo shi. Suka gangara fadama, suka wuce gonakin albasa, suka wuce gonarsa da ciyawa ta cinye rabinta, har can ƙasa inda injin ban ruwa ke tsaye a bushe. Mubina na biye da su daga nesa.

"Nan babu sabis ko?" in ji Maigandi.

"Babu, Baba."

"Sa sunana."

Taufiq ya sa. Tsohon ya danna da babban yatsansa. Kwale-kwalen ya bar gaɓa, ya ɗan yi gaba, ya tsaya, sannan ya juyo ya dawo. Maigandi ya sake dannawa, ya sake dawowa. Ya hau tudu har bakin hanya da ƙafarsa, ya danna na uku. Wannan karon ya ƙetare.

Sannan ya nuna gonarsa da hannu.

"Wagga shekara ta tahi, ba ka iya maido ta. Amma wanga ya hwaɗi gaskiya ko da ba ta yi daɗi ba." Ya miƙa masa wayar. "Ka ce ma manyanka su zo. Kuma littahin nan za a buɗe shi, a riƙa rubutawa wuri biyu."

"Gara haka, Baba."

An ɗaura auren bayan an kammala rajistar rani ta gaba, wadda a cikinta sunaye arba'in da bakwai suka fito cif, bayan Mubina ta hau tudun nan neman sabis har sau goma sha ɗaya. Ango yana gyaran kwamfuta a wata 'yar rumfa a Nasarawa, lambar yabon kuma tana rataye a ofishin wani. Tsohon nan da ya tambaya ko haƙuri za su shuka ya zo ɗaurin auren, ya ci goro, bai ce ya yafe ba.

Da za a tafi da amarya Birnin Kebbi, Maigandi ya dafa kanta, ya dubi Taufiq.

"Ga ta nan. In abu ya isa ku ce ya isa, in bai isa ba ku ce bai isa ba. Allah shi yi maku albarka, shi ƙetarar da ku lahiya."

Suka ce amin. A cikin mota Mubina ta zaro hular daga jakarta, da ɓulin ɓera a gefe, ta ɗora masa a gwiwa.

"Tabbas?" in ji ta a hankali.

Wannan karon ya yi tunani sosai kafin ya amsa.

"Tabbas, Mubi."