Gaisuwar Tsaye

"Wagga ta ɗiyar da kac ce?"

Inna Laraba ce ta yi tambayar. Idonta a kaina yake, amma da ɗanta Zayyanu take. Tun daga Dandin Mahe ya ɗauko ta a bayan babur, wai ta zo Bodinga sayen zannuwa, alhali mu duka mun san ni ta zo gani.

Na miƙe daga kan keken ɗinki.

"Sannu da zuwa, Inna... ina wuni?"

A tsaye na faɗa.

A tsaye ƙiƙam!

Na sunkuyar da kai, na haɗa hannuwa, na yi duk ladabin da jiki zai iya daga ƙugu zuwa sama. Amma gwiwata ta dama ta ce ba da ita ba.

Inna ta dube ni sama da ƙasa. Ta dubi tabarmar da ke gabanta, inda kowace ɗiyar mutunci za ta zube tun kafin a yi mata magana. Sannan ta gyara mayafinta.

"Lahiya lau. Zayyanu, mu tahi. Na gani."

"Inna, ko ruwa ba ki..."

"Nic ce mu tahi!"

Zayyanu ya waiwayo sau ɗaya daga bakin ƙofa. Da ido yake roƙona in yi magana, ni kuma na girgiza masa kai. Ina ji babur ɗinsa ya tashi, ƙararsa ta yi ta raguwa har ta ɓace, na koma na zauna na ɗinke hannun wata riga a baibai.

Daminar bara ce na faɗi. Na kai kayan biki Kajiji a kan kabu-kabu, taya ta zame cikin laka, babur ya danne mini ƙafa. Mai ɗori ya yi aikinsa, ƙashi ya haɗe, sai dai da aka kwance karan gwiwar ta sandare. Ina tafiya lafiya lau, in na saka dogon hijabi ba mai lura. Amma durƙuso ya gagare ni. Salla ma a kan kujera nake yi, cikin ɗaki, na turo ƙofa.

Bayan Babana, Zayyanu kaɗai ya sani, kuma sai da na sa ya rantse ba zai faɗa wa kowa a gidansu ba.

Da la'asar ɗin ranar ya kira ni.

"Nusaiba, masoyiyata, don Allah ki bar ni in hwaɗa mata gaskiya..."

"In ka hwaɗa, to ni da kai sai Lahira."

"Cewa takai girman kai ag gare ki! Cewa takai ba a yi miki tarbiyya ba!"

"Gara hakanan."

"Gara?"

"Mai girman kai ana sa ran ta gyaru, Zayyanu. Gurguwa fa? Gidanku ana daka, ana tsinkar albasa, ana ɗibar ruwa. Kana jin Inna za ta so ma ɗanta matar da ko murhu ba ta iya tsugunna ma?"

Sai ya ce, "Tac ce in nis sake taka Bodinga, ba ta yahe ba."

"To kak ka taka."

Ni na faɗa da bakina. Ni kuma na kashe waya na yi kuka har mayafina ya jiƙe.

Gidanmu dama ba gidan hayaniya ba ne. Uwata ta rasu tun ina ƙarama, Babana Malam Sodangi kuma ɗan bin kasuwa ne, yau yana Shagari gobe yana Dingyadi. Daga ni sai keke. Da Zayyanu ya daina zuwa sai na san ashe shi ne duk maganar da nake yi a wuni.

Samarin wasu turare suke kawowa. Nawa albasa yake kawowa, ja, manya, ya dire su bakin shago yana washe baki kamar ya kawo zinari. Da can tsiya nake masa. Yanzu kuwa saura guda biyu a kwando, na kasa yankawa, har suka fara tsiro.

Kewarsa ta ci ni. Ba ni da wata kalma da ta fi wannan.

Wata safiya Anti Atika ta shigo. Tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce, ta gama aiki a Sakkwato ta dawo gida. Wanduna masu faɗi take so in ɗinka mata. Ina auna ta, igiyar awon ta suɓuce ta faɗi ƙasa, na tsaya ina jawo ta da yatsan ƙafa.

"Tun yaushe gwiwagga tab bar lanƙwasa?"

Na ji kamar ta tsiraita ni.

"Anti, ba komi..."

"Ni kika yi ma ƙarya? Na ga ƙahwa hiye da yawan gashin kanki. Zamna in gani."

Ta latsa nan, ta matsa can, na cije leɓe. Ta ce ƙashi lafiya yake, jijiyoyi ne suka ɗaure don an daɗe ba a motsa su ba. Ta ce tana tara mata a tsakar gidanta da safe, suna yin yoga.

"Yo... mi?"

"Yoga. Miƙe jiki na da numhwashi, a hankali. Ba mu kiran sunan kowa sai na Allah in ciwo ya kai ciwo. Ki zo da tabarma da tsohon ɗankwali."

Ranar farko na so in gudu. Mata ne manya, masu ciwon baya da masu hawan jini, kowa a kan tabarmarta. Wata ta kusa yin jika da ni, amma ta dafa yatsun ƙafarta tana hira. Ni kuwa da aka ce a sunkuya, hannuna ko ƙauri bai kai ba.

Anti ta kwantar da ni rub da ciki, ta zarga ɗankwalin a idon sawuna, ta miƙa mini bakinsa ta kan kafaɗa.

"Ja. Kaɗan. In ya yi zahi ki tsaya nan, ki ja numhwashi. Kak ki yi hwaɗa da ita, lallashinta za ki yi."

Na ja.

"Wayyo Allah na!"

"Kun ji ko?" in ji Anti. "Na ce muku nan sunan Allah muka kira."

Duk suka yi dariya, har da ni, hawaye na zuba kan tabarma.

Haka na ci gaba. Kullum in je, in dawo ƙafa na rawa, in hau keke. Wani mako in ga kamar ta ɗan saki, wani mako in ga kamar jiya aka kwance ɗorin. Ba wanda zan ba labari. Sai in ɗauki waya in kalli sunansa, in ajiye.

Sai ga Hasiya.

Ɗiyar ƙanwar Inna Laraba ce, tana zaune Bodinga wajen yayarta, kuma ba yau ta fara son Zayyanu ba. Ta zo ajin Anti Atika da sabuwar tabarma da murmushi har kunne, wai bayanta ke ciwo. Rana biyu ta yi. Bayanta kuwa ya warke tas, don ba mu sake ganinta ba.

Ba a yi mako ba Zayyanu ya kira ni, karo na farko tun rabuwarmu.

"Zayyanu..."

"Nusaiba, mi kukai gidan Anti Atika?"

Ko gaisuwa babu.

"Hasiya ta ɗauke ku bidiyo, ta gwada ma Inna cikin waya. Kun yi sahu da sahe, kun ɗaga hannu sama, kun duƙa. Tac ce rana kuka bauta ma. Dut gidanmu maganar da akai ke nan."

Da na yi dariya. A tsakar gidan Anti gefen gabas kaɗai ke da inuwa da safe, dole can kowa zai fuskanta. Amma dariyar ba ta zo ba.

"Kai hwa? Kai ma ka yarda?"

Ya yi shiru.

Ba dogon shiru ba ne. Amma ya ishe ni.

"Ba yarda niy yi ba, zuciyata, tambaya nikai..."

"Ka tambaya. Sai an jima."

Na yi fushi, fushin da ban taɓa yi ba. Washegari na je aji da niyyar ba don shi ba kuma, ba don uwarsa ba. Ƙafata ce. Ni ke da ita.

Damina ta wuce, aka dasa albasa, ta yi kore, ta kusa cira. Wata ranar Talata da azahar na jawo kujerar sallata, sai na tsaya ina kallonta. Na tura ta gefe. Na yi kabbara, na yi ruku'u, na dafa bakin gado, na sauka a hankali...

Gwiwa ta taɓa ƙasa.

Goshina ya taɓa ƙasa.

Na daɗe a nan. Ƙamshin dardumar ma na manta da shi. Na yi kuka kamar yarinya, kuma da na sallame na waiwaya in faɗa wa wani, gidan ba kowa sai kaji.

A makon ne wata mai kawo ɗinki ta ce ta ji ana maganar haɗa Zayyanu da Hasiya in an cire albasa, shi ne dai ya ƙi cewa komai, ya rame kamar mai jinya. Na gama mata awo lafiya lau. Tana fita na rufe shago na tafi wajen Anti.

"Ki raka ni Dandin Mahe."

"Kin shirya?"

"Sauka na iya. Tashi sai da abin dahwawa."

"To mu ƙara wata guda."

"Ba ni da wata guda, Anti."

Da na gaya wa Babana, ya ce tunda da babba zan tafi, Allah ya tsare.

Da hantsi muka isa. Inna Laraba na tsakar gida a kan tabarma tana ware albasa, Hasiya na gefenta tana taya ta da himmar da ban san ta da ita ba. Zayyanu yana shigo da buhu, ya gan ni, buhun ya zame daga kafaɗarsa.

Na duba ko'ina. Ba turmi kusa, ba bango, ba abin dafawa.

Na taka har gabanta. Na ja numfashi yadda aka koya mini. Ta hagu ta sauka. Ta dama ta yi gardama, na lallashe ta, na lallashe ta, zufa na bin bayana, har ta kai ƙasa.

"Ina kwana, Inna."

Ta daɗe tana kallona.

"Lahiya lau. Yau an tuna da ladabi ke nan?"

"Inna, kak ki biye mata," Hasiya ta yi caraf. "Ai sun saba duƙawa, can wurin..."

"Rihe min baki." Inna ta juyo gare ni. "Na amsa. Tashi."

Na gwada. Ƙafar ta yi rawa ta ƙi.

"Nic ce tashi."

"Ba ni iyawa, Inna."

Na juya wa Zayyanu baya, na ɗan ɗaga bakin zanena. Tabon ya fito, dogo, baƙi, gwiwar ta kumbura tana ɓari.

"Babur yad danne ni bara. Randa kinka zo shagona ba ta lanƙwasa ko kaɗan. Ni nih hana shi hwaɗi, don ina tsoron ki ce ba ki son gurguwa. Abin da kunka gani cikin waya kuwa... wanga durƙuson nika koyo, Inna. Tun damana."

Hasiya ta sunkuya tana tsintar ɓawon albasa.

"Tun damana," Inna ta maimaita a hankali. "Don ki gaishe ni?"

"Da hwarko don ke. Daga baya don in yi sujada."

Inna ta dubi ɗanta.

"Kai kuma ka sani, kab bar ni ina zagin marainiya?"

"Rantsuwa tas sa ni, Inna..." Idonsa ya cika. Ya yo kaina da sauri, hannuwansa a miƙe. "Nusaiba, kawo hannu..."

"Kai! Tsaya can!" Inna ta daka masa tsawa. "Wa yab ba ka? An ɗaura ne?"

Ya tsaya cak.

Ta dafa ƙasa ta miƙe da nata nishin, ta zagayo, ta zura hannuwanta ƙarƙashin hammatana. Warin albasa ne a jikinta, irin nasa sak.

"Dahwa ni, ɗiyata. Dahwa da ƙarhi, ba ni karyewa."

Na dafa ta. Muka miƙe tare, ni da ita muna tangaɗi, kuma da na tsaya ba ta sake ni ba. Da gefen mayafinta ta share mini fuska.

"Zayyanu."

"Na'am, Inna."

"Ka gaya ma baffanka su shirya zuwa Bodinga wurin Malam Sodangi. Kuma su yi da wuri." Ta dafe ƙugunta ta yamutsa fuska. "Ni bayana ba shi ɗaukar aikin ga kullum."