Kason da Ba Shi da Suna

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Yuli, ƙarfe biyar da minti arba'in na yamma, Abdussamad Dalhatu ya sauka daga motar Maraɗi a tashar Gazawa, da jakarsa da littafinsa mai baƙin bango. Shekara goma sha shida yana gyaran na'urorin kwamfuta na buro-buro, wato ofisoshi, kuma ba a taɓa samun layi guda na kuskure a littafin nan ba. Da wannan aka san shi, da shi kuma yake alfahari.

Aikin da ya kawo shi ƙarami ne. A wani buro mai ajiyar takardun gonaki, diskin babbar na'ura, wato rumbun ajiyarta, ya cika, har ta daina karɓar sababbin takardu. Ana so a faɗaɗa shi yana kan aiki, ba tare da an kashe na'urar ba.

Sakatariyar buron, Malama Balkisu, ita ta buɗe masa ɗakin na'urar. Tana neman makulli take gaya masa cewa jibi Alhamis za a zauna kan rikicin wani burtali da ke wajen Gangara, tsakanin manoma da makiyaya, mutanen Ardo Sanda. Manoman sun ce hanyar shanu ba ta taɓa bi ta nan ba. Shekara tara da suka wuce wani ma'aikaci, marigayi Zakari, ya naɗi muryoyin dattawa goma sha ɗaya suna faɗin iyakokin burtalin. Dukansu sun rasu. Muryoyin na cikin na'urar nan, in ji ta, amma ba ta san inda ya ajiye su ba, kuma ban da su makiyayan ba su da wata shaida.

"Malam, don Allah a bi a hankali," ta ce.

"Malama, ba yau na fara ba," ya amsa, bai ko dube ta ba.

Ta bar masa makulli ta tafi gida.

Ya zauna ya duba tsarin diskin. Kaso na farko girmansa giga ɗari biyar ne, cike maƙil. A can ƙarshe akwai fili, giga ɗari huɗu, ba a taɓa rubuta kome a kai ba. Tsakaninsu kuwa wani siririn kaso ne na giga tamanin, ba suna, ba a ɗaure shi da kome ba. Kason farko ba zai kai ga filin ba sai an kawar da na tsakiyan.

Ƙa'ida ya san ta sarai: a buɗe kason a ga abin da ke ciki, a ɗauki kwafinsa, sannan a taɓa shi. Aikin awa biyu ne. Motar ƙarshe kuwa da an idar da magariba take tashi. Ya gaya wa kansa muryoyin suna cikin babban kaso tare da sauran takardu. Wa zai ajiye abu mai daraja a wurin da bai ko sa wa suna ba?

Ya buɗe littafinsa, ya rubuta da kyakkyawan rubutunsa: "18:22. An duba kaso na biyu. Fanko ne. An ɗauki kwafi."

Bai duba ba. Bai ɗauka ba.

Ya goge kason. Ya ja iyakar na farko har ƙarshen diski. Ya rubuta umarnin da zai shimfiɗa ajiyar a kan sabon wurin, ya danna.

A masallacin bayan buro ladan ya fara kiran salla. Yana tsakiyar shahada sautin ya yanke, kamar an rufe tukunya.

Sai ƙarar fankar na'ura kawai.

Abin da ya fara zuwa wari ne. Ɗanyen kashin shanu, da ƙasar da aka tattaka bayan ruwa. Ɗakin siminti ne, ba taga. Abdussamad ya duba ƙasan takalmansa. Tsaf suke.

Ya mayar da ido kan na'ura. Lissafinsa ya ce girman zai tsaya a ɗari tara da tamanin. Ya ga ɗari tara da tamanin ta zo ta wuce. Dubu ɗaya. Dubu uku. Dubu goma sha biyu. Diskin da ke cikin akwatin nan ba shi da wannan girma. Da idonsa ya karanta takardarsa.

Ya danna madannan tsayarwa. Lambobin suka ci gaba da hawa.

Wani ya yi tari. Tarin tsoho, sau biyu, gajere.

"Daga gawon bakin tabki," in ji muryar, a hankali, da Hausar mutanen ruga, "a miƙe gabas har tsamiya mai kogo. Faɗinsa taki sittin."

Na'urar ba ta da abin magana. Ya san haka.

Wata murya ta karɓa, sannan wata. Kowa na faɗin sunansa da sunan mahaifinsa, kowa na rantsuwa. Kuma kowace murya, tana cikin magana, sai ta guntule a tsakiyar kalma.

Ya ƙirga su ba da son ransa ba. Bakwai. Takwas.

Ya waiga ya nemi ƙofa.

Ƙofar na can nesa, ƙarama kamar akwatin ashana. Bangon ɗakin ya ja da baya. Tsakaninsa da ita duhu ne, kuma duhun yana motsi.

Kofatai. Da yawa.

Inuwar ƙahoni ta ratsa hasken na'ura. Wani jiki mai ɗumi ya goge kafaɗarsa ya wuce. Bai ga kome ba.

Sai numfashi a ƙeyarsa, mai zafi, mai warin ciyawa.

"Wa ka tambaya?"

Raɗa ce. Ba ta cikin muryoyin dattawan.

"Fili ne," ya ce. "Ba kowa a ciki."

"Ka leƙa?"

Ya dubi littafinsa.

"Karanta muna abin da ka rubuta."

Littafin na kan cinyarsa, nauyinsa kamar dutsen niƙa. Ya so ya ja Ayatul Kursiyyu, harshensa ya ƙi. Abin da ya fi tsoron nauyi shi ne, ya gane ba don firgita ya ƙi ba. Kunya ce. Da wane baki?

Murya ta goma sha ɗaya ta guntule.

Ƙaho ya taɓa haƙarƙarinsa. Tsininsa ya danna shi.

"Ƙarya na rubuta," ya ce. "Ban duba ba."

Ƙahon ya tsaya. Ya ɗan ja baya.

Ya faɗo daga kujera, ya rarrafa cikin taɓo, kofatai na sauka dama da hagu. Ɗakin mita huɗu ne. Sau arba'in da ɗaya ya ɗaga gwiwa kafin hannunsa ya sami ƙofa.

A waje liman yana raka'ar farko. Agogonsa ya ce 19:10. Wandonsa taɓo ne har gwiwa, a harabar da ba a yi ruwa ba kwana shida.

Bai bi motar ba. Da safe ya sami ɗakin yadda yake, diskin a ɗari tara da tamanin daidai, takardun da suka daɗe suna jira sun kwarara sun zauna a sabon wurin. Ya wuni yana tonon abin da ya goge. Bai samo ko daƙiƙa guda ta murya ba.

Malama Balkisu da kanta ta ba shi mafita. Ta ce na'urar tsohuwa ce, in ya rubuta diski ne ya lalace ba wanda zai musa. Ya yi mata godiya, bai rubuta ba.

Ranar Alhamis ya miƙe gaban manoma da makiyaya da shugaban buro, ya karanta layin 18:22 da ƙarfi, ya ja masa jan layi, ya faɗi abin da ya aikata. Idonsa bai bar ƙasa ba. Da babu shaida, aka bar gonakin inda suke, a kan burtalin. Tun daga daminar nan shanun Ardo Sanda zagaye suke yi, tafiyar rabin wuni, kafin su sha ruwa. Buron bai sake kiran Abdussamad ba, shi ma bai sake zama gaban na'ura ba in rana ta yi ja.

Da aka watse a ranar, Ardo ya same shi a gindin bango. Dogon tsoho ne, sandarsa a kafaɗa. Bai zage shi ba. Ya tambaye shi ko ya taɓa sauraron muryoyin kafin su ɓace, domin ta farko ta mahaifinsa ce.

Abdussamad ya ɗago ya dube shi. Sannan ya faɗi gawon bakin tabki, da tsamiya mai kogo, da taki sittin. Ya ce mai maganar ya yi tari sau biyu kafin ya fara.

Ardo ya sauke sandarsa a hankali.

"Shi ne," ya ce. "To, Malam, kai kaɗai ka rage da ka ji shi. Kai kuwa yanzu wa zai yarda da maganarka?"