Tukunyar Gas a Motar Kaka

A shekarun da take firamare, babu abin da yarinyar take so kamar kujerar baya ta motar kakanta.

Kaka direba ne. Yana da wata tsohuwar bas mai launin ruwan ƙwai. Da ita yake kai yaran unguwa makaranta. Ƙofarta ba ta rufuwa sai an buga ta da ƙarfi. Rediyonta tasha ɗaya kawai yake kamawa. In aka tashe ta da safe sai ta yi tari, ta feso baƙin hayaƙi, yara su kwashe da dariya.

"Ku daina yi mata dariya," in ji Kaka. "Ta girmi iyayenku."

Yarinyar da ƙawarta ne ke zama a can baya. Daga nan suke ɗaga wa masu babur hannu. A nan suke cinye rabin abincinsu kafin a isa makaranta. Kaka ya sa mata suna Sarauniyar Baya. Ita kuwa Tsoho take ce masa.

Ana nan sai fetur ya yi tsada ƙwarai. Kaka ya rage barkwanci. Da aka yi hutu ya kai motar gareji, ta daɗe a can.

Ranar da aka koma makaranta, yarinyar ta shiga da gudu, sai ta tsaya cak. Babu kujerar baya. A wurinta an ɗaure wata doguwar tukunyar ƙarfe, an kewaye ta da raga.

"Tsoho, ina kujerata?"

"Ta yi ritaya, Sarauniya. Wannan tukunyar gas ce. Yanzu gas motar za ta riƙa sha. Ya fi fetur sauƙi, kuma hayaƙinsa kaɗan ne."

"To me ya sa ba a sa ta wani wuri ba?"

"Wuri take ci. Nan kaɗai ta shiga. Zo ki zauna kusa da ni."

Ta ƙi. Ta zauna a tsakiya tana kumbure-kumbure har aka isa.

Lokacin hutun tara, yara suka kewaye ta suna tambayar mece ce wannan tukunya. Haushi bai bar ta ta yi tunani ba.

"Fashewa za ta yi," in ji ta. "Ni da kunnena na ji bakaniken yana faɗa."

Ba ta ji komai ba. Ko fuskar bakaniken ba ta taɓa gani ba. So take a cire tukunyar a mayar da kujera.

Yara suka kai maganar gida. Iyaye suka kai ta kasuwa. Kafin mako ya ƙare, ana cewa har wata irinta ta taɓa fashewa a wani gari. Ɗaya bayan ɗaya, aka daina turo yara.

Kaka zai tsaya a ƙofar gida ya yi oda. Sai uwa ta leƙo ta ce, "Baba, yau ka je kawai." Sai ya gyara hularsa ya ja mota.

Bas ɗin ta yi shiru. Babu waƙa, babu faɗa kan taga. Wata safiya suka wuce ƙawar yarinyar a hanya. Tana tafiya a ƙasa, tana jan hannun ƙaninta, shi kuma yana kuka. Ranar ta makara, aka tsayar da ita a bakin ƙofa.

Da yamma yarinyar tana wanke kwanuka, sai ta ji Kaka yana magana da Mama, mahaifiyarta.

"Tun asuba nake bin layin gas," in ji shi. "Gidan da ke sayarwa ɗaya ne a garin nan, kuma da nisa. Wannan ban damu ba. Amma a ce ni zan sa 'ya'yan mutane a hatsari? Ni da na kai iyayensu makaranta? Gara in sayar da motar in huta."

Kwanon ya suɓuce daga hannunta. Ta fashe da kuka.

"Lafiya?" in ji Mama.

"Ni ce. Ni na ce za ta fashe. Ban ji daga kowa ba. Kujerata nake so."

Mama ta riƙe baki. Kaka ya dube ta. Bai yi tsawa ba, kuma hakan ya fi yi mata zafi.

"Da kin gaya mini ranki ya ɓaci," in ji shi a hankali, "da mun yi magana."

"Ka yafe mini, Kaka."

"Na yafe. Amma maganar tana waje, ba a hannuna take ba."

"Ke kika fitar da ita," in ji Mama. "Ke za ki gyara. Ɗauko takalminki."

Suka bi gidajen unguwa. A kowane gida yarinyar ta gaishe da manya, ta ce, "Ƙarya na yi." Wasu suka yi mata faɗa. Wata uwa ta ce, "To mun ji, amma ni har yanzu ina tsoro."

Washegari ta gaya wa Malama a gaban aji. Malama ta ce, "Kin yi laifi, amma kin yi ƙoƙari da kika faɗa. Wanda ke tsoro kuma, bayani yake bukata."

Sai Malama ta gayyato bakaniken da iyaye zuwa filin makaranta. Bakaniken ya buɗe bayan motar Kaka. Ya ƙwanƙwasa tukunyar, kowa ya ji kaurinta. Ya nuna musu makunnin da ake rufe gas da shi.

"Gas ba abin wasa ba ne," in ji shi. "Fetur ma haka. Shi ya sa ƙwararre ne kawai ke sa tukunya, kuma ana kawo ta dubawa a kan lokaci. Baba bai taɓa shan gas da yaro a cikin mota ba."

Iyaye suka yi ta tambaya, yana ba su amsa. Ba duka suka yarda a ranar ba. Amma a hankali yara suka dawo, har ƙawarta da ƙaninta. Wani mai tasi ma ya zo yana tambayar Kaka hanyar garejin.

Kaka bai sayar da motar ba. Ya ci gaba da kai su makaranta har yarinyar ta gama firamare.

Yanzu ta girma. In ta tuna da kwanakin nan, murmushi take yi, har da ɗan hawaye. Kuma tana gaya wa ƙannenta abin da ta koya: "Kada ku faɗi abin da ba ku ji ba, ba ku gani ba. In sabon abu ya ba ku tsoro ko haushi, ku tambayi wanda ya sani."