Motar da Ƙararrawa Ta Zaɓa

Ni na fara gani. Kafin mahaifinta, kafin dubban 'yan kallo, kafin ita kanta yarinyar ta san abin da bakinta ya jawo, ni da ke tsaye a kwanar ƙarshe da jar tuta a hannu na riga na gani. Shekara arba'in ina filin tseren nan. Sau uku mota ta bi ta kaina, duk waɗanda muka fara tare sun riga mu gidan gaskiya, ni kuwa ga ni nan daram. Ban yi boko ba, amma idona ya fi na mai digiri. Ku matso, 'yan mata.

"To ka yi wani abu mana!"

Ƙararrawa ce ta faɗa, ta wurgar da takardar sakamako a kan tebur. 'Yar Mai Fili ce, ita ke kiran tsere a lasifika, kuma zaƙin muryarta ya sa mata wannan suna.

Saurayinta na tsaye a ƙofar ɗakin lasifikar da kofin da ya ci a hannu, gumi na bin wuyansa. Agogo ake ce masa, don in ya hau kwalta zagayensa na farko da na hamsin lokacinsu ɗaya ne.

"Na ci fa, sanyin idona..."

"Ka ci! Kullum kai ke ci! Leƙa taga ka gani."

Ya leƙa. Rabin bencina babu kowa. Wani mutum ya rufe fuska da jarida yana minshari.

"Zagaye hamsin, rabin raina, me zan ce wa mutane? 'Ga shi ya wuce... ga shi ya sake wucewa...' Ni kaina hamma nake yi!"

"Tseren kwalta ba na hayaniya ba ne. Ki duba inda nake taka birki, ki duba yadda nake shan kwana. Kyan a nan yake."

"Wa ke ganin birki daga kan benci?"

"To in koma tseren daji?"

Ta kwashe da dariya.

"Wanda mutum zai tsaya cikin ƙaya tun safe, mota ta wuce fuuu sau ɗaya, ta bule shi da ƙasa, ya koma gida? Ai gara naka, ana samun barci mai daɗi."

Wasa take yi, na rantse. Amma shi bai yi dariya ba.

A filinmu tsere uku ne: na kwalta da na daji da na karo. Na karo shi ne a zuba tsofaffin motoci ashirin cikin da'irar ƙasa, kowa ya daki kowa, wadda ta rage tana motsi ita ta ci. Kuma akwai abin da muke yi a zagayen ƙarshe. 'Yan kallo su ɗauki ihu, "Zaɓa! Zaɓa!" Mai lasifika ta kira lambar mota ɗaya, sauran duk su yi mata rubdugu. Ranar karo, ko tsinke ka jefa sama ba zai sami wurin faɗowa ba.

Mai Fili ya shigo yana goge tabarau. Ko kallon kofin bai yi ba.

"Sannu, Baba," in ji Agogo, ya rusuna.

"Kai ne mai sa mini mutane barci? Na ji ka ce za ka turo manyanka. Su zauna abinsu. Ba zan bar 'yata da filina a hannun wanda ko fenti bai taɓa gogewa ba."

"Baba, don Allah..."

"Yi mini shiru, ke!"

A bayansa Guduma ne ya jingina da bango yana murmushi. Shi ne gwanin karo, ɗan ƙanen Mai Fili, kuma tun tana ƙarama ya sa mata ido. Sau biyu tana ce masa, "Yaya, kai yayana ne, a nan ka tsaya."

Washegari Guduma ya sami Agogo a gareji, ya dafa kafaɗarsa kamar ɗan'uwa.

"Ɗan kwalta, tausayinka nake ji. Tsohon nan abu ɗaya yake so, ya ga ka shiga karo. Sau ɗaya tak! Zan ba ka mota, lamba goma sha uku. Ka sa hular kwano tun daga gareji. In an tashi ka cire ta a gaban kowa, ka ga yadda za ta yi tsalle."

"Kar ka faɗa mata."

"Haba! Ni?"

Ranar Asabar da la'asar Guduma ya hau ɗakin lasifika yana huci.

"Ƙanwata, kin san baƙon da ke lamba goma sha uku? A gabana ya ce mace ba ta isa ta kira tsere ba. Wai muryarki kamar ta kazar da aka taka."

Idonta ya kaɗa.

"Haka ya ce?"

"Da na mare shi, sai na ce bari in bar miki."

Aka saki motoci. Motar karo ba ta da gilashi, ragar ƙarfe ce a tagoginta, daga sama lamba kawai ake gani. Amma ni ina ƙasa. Na ga goma sha uku ta nufo kwanata, na ga ta rage gudu, ta sha kwanar cikin ladabi, hancinta ya bi gefen ciki kamar an zana da alli.

Nan take na gane shi.

Babu ɗan karon da ke taka birki kafin kwana. Mutum ɗaya ne a duniya ke shan kwana haka.

"Zaɓa! Zaɓa! Zaɓa!"

Na ɗaga jar tuta don a tsayar da tseren, na kaɗa har kafaɗata ta yi ƙara. Na yi ihu, "Shi ne! Yaronki ne!" Wa zai ji tsoho cikin injin ashirin?

Muryarta ta sauko daga sama, zaƙi kamar zuma.

"Jama'a, yau muna da baƙo mai taka birki! Ko kasuwa aka aike shi? Goma sha uku! Ku koya masa gaisuwar gidanmu!"

Fili ya ɗauka.

Mota ta farko ta dake shi ta baya. Ta biyu ta juya shi.

"Yauwa! A ƙara masa! Ina Guduma? Guduma, ina kake?"

Guduma ya ja da baya har ƙarshen da'ira, ya taho da duk ƙarfin injinsa. A karo doka ɗaya ce, ba a dukan ƙofar direba. A ƙofar direba ya sauka.

"Kai! Kun ji wannan? Kun ji? Wallahi yau an yi tsere!"

Tana tafi. Ta taga na hango ta, tana tsalle tana tafi.

Sai da aka yanka ragar da almakashin ƙarfe aka zaro shi. Da aka cire hular kwano, lasifika na kunne. Duk fili ya ji ƙarar da ta yi.

Wasu sun zaci cikin wasan ne, suka ƙara tafi.

Agogo ya rayu. Amma daga ƙugu zuwa ƙasa babu abin da ya sake motsi.

Kwana shida tana zuwa asibiti, kwana shida mahaifiyarsa na tare ƙofa.

"Mama, ban sani ba... wallahi ban san shi ne ba..."

"Kar ki ce mini Mama. Ni na haifi mai ƙafafu biyu. Koma ki yi musu waƙa."

A gida kuwa Mai Fili ya sa an buga hoton motar da ta lotse a jikin allon talla.

"Baba, ka sauke hoton nan!"

"Ke yarinya ce. Kin san mutum nawa suka kira ni tun shekaranjiya? Gobe ko tsayuwa sai mai rabo. Share hawayenki, murya nake so."

Guduma ya ce daga bakin ƙofa, "Ƙaddara ce, ƙanwata. Birki ya cuce shi, ba ni ba. Kuma ai ke kika kira."

Ta ɗago ta dube shi.

Ranar Asabar ta wuce ta gabana za ta hau sama. Na ce, "Jikata, kar ki hau." Ta ce, "Kaka, riƙe tutarka."

Tun da aka kafa filin nan mai lasifika bai taɓa zaɓar gwani ba, don shi ke kawo jama'a. Kuma a cikin direbobin nan babu wanda Guduma bai taɓa karya wa haƙarƙari ko yatsa ba.

"Zaɓa! Zaɓa!"

Ta bar su suna ihu har muryoyinsu suka dushe. Sannan ta yi dariya, irin wadda ban taɓa ji daga bakinta ba.

"Lamba ɗaya. Yayana. Ku gaishe mini da shi... ta ƙofarsa."

Mota goma sha ɗaya suka juya a tare.

Ban ɗaga tuta ba. Ku rubuta, ni na faɗa.

Mai Fili ya haura bene da gudu yana dukan ƙofar da ta kulle ta ciki. Ita kuwa tana kiran kowane duka da lambar mai shi, tana ƙirgawa, 'yan kallo na amsa mata. Aka fitar da Guduma a kan makara ta asibiti, hannunsa na dama na lilo kamar tsumma. Bai sake riƙe sitiyari ba.

Daga fili ta wuce asibiti kai tsaye. Ta yi sa'a uwar ta fita karɓo magani. Ta durƙusa a gefen gadon Agogo, ta kama hannunsa.

"Rabin raina... na rama maka! Na rama!"

Idonsa na kan rufin ɗakin. A kan ƙirjinsa akwai waya, wani ya turo masa abin da ya faru.

"Na ji."

"Shi ya yaudare ni, ya ce baƙo ne, ya ce..."

"Na sani. Ban taɓa zargin kin san ni ne ba."

Ta saki numfashi, ta kifa goshinta a hannunsa.

"Amma ina cikin motar ina jin ki, Ƙararrawa. Lasifika na saman kaina. Shekara uku kina kiran lambata a kwalta, ban taɓa jin muryarki ta yi daɗi kamar ranar ba."

"Kar ka ce haka..."

"Da baƙon ne fa? Shi ba ɗan wata ba ne?"

Ta kawar da kai, shi kuwa ya ci gaba.

"Na ce wa kaina kuskure ne, ranar kaɗai ce. Ina ta roƙon Mama ta bar ki ki shigo. Sai yau." Ya ɗaga wayar. "Yau kin san wanda ke ciki. Kuma muryarki ta fi ta ranar tawa daɗi."

"Don kai na yi!"

"Faɗa mini gaskiya. Kin ji daɗi?"

Ta sunkuyar da kai ƙasa.

Yarinyar nan ba ta iya ƙarya ba, wannan kaɗai zan shaide ta da shi.

Ya zare hannunsa a hankali, ya juya fuskarsa bango.

"Ja mini ƙofar in za ki fita."

Wata biyu bayan nan danginsa suka tafi da shi wani gari, ba ta sake ganinsa ba. Mai Fili bai kore ta ba, ina! Ƙarin bencina ya sa aka kafa. An daina tseren kwalta, ciyawa ta fasa shi. Ita kuma har yau ba ta yi aure ba, kuma duk Asabar tana sama.

Wanda ya ce ƙarya nake yi, ya zo ranar Asabar da la'asar. Ni da kaina zan nema masa mota da hular kwano. Ya shiga da'irar, ya saurari yadda take jan numfashi kafin ta kira lamba. In ya fito da ƙafafunsa, ya zo kwanar ƙarshe ya ce mini maƙaryaci a fuskata.