Hannun da Ke Ƙarƙashin Randa

Akwai wata yarinya da ake kira Auta. An haife ta da yatsu biyu a lanƙwashe a hannu ɗaya, ƙaramin da na kusa da shi. Ba sa ciwo, amma ba sa miƙewa. Kullum hannun nan yana cikin aljihu.

Wata rana Malama ta shigo aji da fenti da babbar farar takarda.

"Kowa ya tsoma hannu ya manna," in ji ta. "Gobe iyaye za su zo, kowa ya nemo na ɗansa."

Auta ta zuba wa takardar ido. Hannuwan yara sun baje kamar tsuntsaye, har ta ga kamar za su tashi su fice ta taga. Nata kuwa, a ganinta, tsuntsu ne mai karyayyen fiffike.

Ta raɗa wa ƙawarta, "Don Allah manna mini naki."

"Ke! Har hannu ake aro?" Ƙawar ta yi dariya, amma ta manna.

Washegari iyaye suka cika ajin, ana nema ana dariya. Umma ta bi takardar har ƙarshe, ta sake bi.

Auta ta nuna wani. "Ga shi nan, Umma."

"Wannan yana da kyau," in ji Umma a hankali, "amma ba ni na haife shi ba."

Auta ta sunkuyar da kai, idonta ya ciko.

A gida Umma ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Zo ki kama mini randar nan."

Suka janye ta. A jikin simintin da ke ƙarƙashinta ga shatin wani babban hannu, yatsu biyu a lanƙwashe.

"Na babanki ne, Allah ya jiƙansa. Ranar da ya yi daɓen nan ya manna shi. Da ya rasu na kasa kallonsa, sai na rufe. Kin ga ni ma na yi ɓoyo."

Auta ta sa hannunta a ciki. Ta rufe ido. Sai ta ji kamar wani ya riƙe ta, suna tafe a hankali cikin iska mai sanyi.

Da safe ta ba Malama haƙuri. Ta tsoma hannunta a shuɗin fenti, ta manna a tsakiyar takardar. Umma tana leƙowa daga ƙofa ta ce, "Yauwa, ga nawa!"

Tun ranar Auta ta gane: wanda ya ɓoye yadda Allah ya yi shi, masu sonsa ne za su neme shi su rasa.